Yadda Ake Samar wa Kowane Layi Mabuɗin da Ba Ya Maimaituwa a Rumbun Bayanai

Tambaya ɗaya ce ke ta dawowa daga masu koyon gina manhaja, ko da yake kowa da yadda yake yin ta. Wani yakan ce ya ɗauki lokacin da aka shigar da bayani ya mai da shi mabuɗi, komai ya tafi daidai har ranar da masu amfani suka yi yawa, sai rumbun ya fara ƙin karɓar wasu layuka. Wani kuma ya koma ga UUID, wata doguwar lamba da manhaja ke samarwa don zama mabuɗi, saboda an ce masa ba ya maimaituwa, amma da teburinsa ya girma sai shigar da bayani ya yi nauyi. Na uku yana so ne kawai ya san ko lambar jere, wato 1, 2, 3, ta ishe shi.

Amsar dukkansu tana kan abu guda: lokaci yana jera layuka, canke yana raba su da juna, amma babu ɗaya daga cikin biyun da ke ba da tabbacin cewa mabuɗi ba zai maimaitu ba, domin wannan tabbaci aikin rumbun ne da kansa. A wannan jagora, “mabuɗi” shi ne lamba ko rubutun da ke bambanta kowane layi da sauran, “layi” na nufin shigarwa guda a tebur, “canke” na nufin lambar da kwamfuta ta zaɓo ba bisa wani tsari da za a iya hasashensa ba, “karo” kuma shi ne layi biyu su samu mabuɗi iri ɗaya.

Mataki na 1: Amsa tambayoyi uku kafin ka rubuta komai

Ta farko: a ina za a ƙirƙiri mabuɗin? Idan rumbu ɗaya ne ke karɓar dukkan rubutu, shi zai iya ba da lamba da kansa. Idan kuwa akwai rumbuna da dama da za a haɗe bayanansu daga baya, ko kuma manhajar waya ce da ke ajiye bayani lokacin da babu intanet sannan ta tura shi idan ta samu, to dole a ƙirƙiri mabuɗin a wajen rumbun, a wurare da yawa waɗanda ba sa jin junansu.

Ta biyu: wa zai ga mabuɗin? Mabuɗin da ke zaune a cikin rumbu daban yake da wanda zai fito a adireshin shafi ko a jikin rasit. Ta uku: layi nawa za a shigar a daƙiƙa guda a lokacin da aiki ya fi tsanani? Matsakaicin yini ba shi da amfani a nan, saboda karo yana faruwa ne a lokacin cunkoso.

Rubuta amsoshin nan uku a wani wuri, domin su ne za su nuna maka wanda za ka ɗauka tsakanin mataki na 2, na 4, na 5 da na 6.

Mataki na 2: Idan rumbu ɗaya ne, bar shi ya ƙirga

Wannan ita ce hanya mafi arha kuma mafi sauri, kuma mutane da yawa suna guje mata ba tare da dalili ba. Kowane irin rumbu da yadda yake yin ta: a PostgreSQL ana rubuta `id BIGINT GENERATED ALWAYS AS IDENTITY PRIMARY KEY`, a MySQL ana amfani da `AUTO_INCREMENT`, a SQL Server da `IDENTITY`, a SQLite kuma `INTEGER PRIMARY KEY` ya wadatar.

Gargaɗi: zaɓi `BIGINT` tun ranar farko. Nau'in `INT` mai bit 32 (bit shi ne gurbi guda da ke ɗaukar 0 ko 1, bit 8 kuma su ne bayit ɗaya) yana ƙarewa ne a 2,147,483,647, kuma teburin da ke tara bayanan abin da ke faruwa a manhaja yana iya kaiwa nan cikin 'yan shekaru. Bambancin bayit 4 ne kacal a kowane layi, alhali sauya nau'in babban mabuɗi a tebur mai layuka biliyan biyu aiki ne da ke iya tsayar da manhaja na sa'o'i.

Gargaɗi na biyu: kada ka nemo lamba mafi girma a tebur da `MAX(id)` sannan ka ƙara mata 1 a cikin manhajarka. Idan buƙatu biyu suka zo a tare, dukkansu za su karanta lamba ɗaya, su ƙara 1, su samu mabuɗi ɗaya. Haka kuma kada giɓi a jeren lambobin ya dame ka. Idan aka fasa wata shigarwa bayan ta karɓi lamba, rumbun ba ya mayar da ita, don haka za ka ga 41 sannan 43, kuma wannan ba alamar ɓatan bayani ba ce.

Raunin lambar jere shi ne tana tona asiri. Wanda ya ga lambar odarsa 5,200 yau, ya sake ganin 5,900 bayan mako guda, ya san yawan cinikinka, kuma zai iya gwada 5,201 a adireshin shafi. Maganin wannan yana mataki na 9, ba sai ka watsar da lambar jeren ba.

Mataki na 3: Yi lissafin karo kafin ka amince da kowace dabara

A nan ne mafi yawan kura-kurai suke, don haka zan ɗan daɗe a kai.

Lokaci shi kaɗai ba mabuɗi ba ne. Kwamfutoci suna ƙirga lokaci ne daga farkon ranar 1 ga Janairu, 1970 a agogon duniya na UTC, kuma ko a daƙiƙa ka ɗauko shi ko a milisakan, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa, babu abin da ke hana buƙatu biyu faɗawa cikin lokaci ɗaya. Madauki mai sauƙi a manhaja, wato umarnin da ke maimaita aiki ɗaya sau da yawa, yana iya samar da layuka ɗaruruwa kafin milisakan guda ya wuce. Bayan haka, agogon saba, wato kwamfutar da manhaja ko rumbu ke aiki a kanta, ba gaba kaɗai yake tafiya ba: idan ya yi sauri, tsarin NTP da ke daidaita shi da agogunan intanet yana iya mayar da shi baya, sai lokacin da aka riga aka yi amfani da shi ya sake dawowa. Wannan ne ya sa umarnin `uniqid()` na PHP, wanda a kan agogo aka gina shi, bai dace da babban mabuɗi ba duk da abin da sunansa ke nunawa.

Dabarar da mutane ke komawa gare ta ita ce su liƙa wa lokacin lambobin canke guda huɗu a ƙarshe. A ido tana da kyau, domin lambobi huɗu na ba da zaɓi 10,000. Amma abin tambaya ba shi ne ko sabon mabuɗi zai yi daidai da wani mabuɗi takamaimai ba. Abin tambaya shi ne ko akwai wasu biyu, ko waɗanne ne, da za su zo ɗaya. Irin wannan lissafin ne ke nuna cewa a cikin mutum 23 kacal, yiwuwar a samu biyu da suka haɗa ranar haihuwa ta ɗan haura rabi. Ɗauki manhajar da ke shigar da layi 10 a kowace daƙiƙa, mabuɗinta kuma daƙiƙar ce da lambobin canke huɗu. Layi 10 suna ba da ma'aurata 45, kowanne da yiwuwar karo ɗaya cikin 10,000, wato kusan kashi 0.45 cikin ɗari a kowace daƙiƙa. Yini guda yana da daƙiƙa 86,400, don haka wannan manhaja za ta riƙa samun karo sama da 380 kowace rana.

Ƙa'idar da za ka riƙe ita ce: idan yawan zaɓin da ke akwai N ne, yiwuwar karo tana kaiwa rabi idan adadin mabuɗai ya kai kusan 1.18 sau tushen murabba'in N. Lambobin canke shida suna kaiwa nan a mabuɗi kusan 1,180. Bit 32 suna kaiwa a kusan 77,000, bit 64 a kusan biliyan 5. Bit 122 kuwa sai an samar da kusan 2.7 × 10^18, wanda ko ana samar da biliyan ɗaya a kowace daƙiƙa zai ɗauki kimanin shekara 86.

Gargaɗi: yanke UUID domin ya gajarce yana rusa wannan lissafi gaba ɗaya. Haruffa takwas na farkon UUID bit 32 ne kawai, saboda haka wanda ya yanke shi a nan ya dawo da kansa daga shekara 86 zuwa layi 77,000.

Mataki na 4: Idan canke zalla kake so, yi amfani da UUID siga ta 4

UUID lamba ce mai bit 128, ana rubuta ta da haruffa 36 a rukuni biyar, 8-4-4-4-12, da alamar “-” tsakaninsu. A siga ta 4, bit 6 suna nuna siga da nau'i, sauran 122 duk canke ne. Kusan kowane harshen manhaja yana da umarnin samar da shi: `uuid.uuid4()` a Python, `crypto.randomUUID()` a JavaScript, `UUID.randomUUID()` a Java, sai `gen_random_uuid()` da ke cikin PostgreSQL tun siga ta 13 ba tare da an ƙara masa komai ba.

Gargaɗi: lissafin shekara 86 yana aiki ne kawai idan tushen canken na ƙwarai ne. Kada ka haɗa UUID da hannunka ta amfani da `Math.random()` na JavaScript, ko `rand()` na C da PHP, ko sashen `random` na Python, domin an gina su ne don wasanni da gwaje-gwaje, kuma idan saba biyu suka fara daga lambar farawa ɗaya za su fitar da jere ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Waɗanda suka dace su ne `secrets` a Python, `random_bytes()` a PHP da `crypto` a JavaScript, waɗanda ke ɗebo canke daga tsarin kwamfutar kanta.

A kula kuma cewa `UUID()` na MySQL ba siga ta 4 yake bayarwa ba, siga ta 1 ce, wadda aka gina da lokaci da kuma adireshin katin sadarwar kwamfutar da ta samar da ita.

Tsadar siga ta 4 tana bayyana ne a fihirisa, wato jerin da rumbu ke bi don gano layi da sauri. Rumbu yana ajiye mabuɗai a jere cikin shafuka masu girma ɗaya, kilobayit 16 a InnoDB, wato injin ajiyar bayanai na MySQL, 8 a PostgreSQL. Mabuɗin da ke ƙaruwa kullum yana sauka a shafin ƙarshe, wanda yake a shirye a ƙwaƙwalwar saba. Mabuɗin canke kuwa yana faɗawa ko'ina, sai rumbun ya ɗauko wani shafi daga faifai, idan ya cika ya tsaga shi biyu, ya bar kowane rabi da gurbi. Muddin fihirisar gaba ɗayanta tana shiga ƙwaƙwalwa ba za ka ji komai ba, shi ya sa matsalar ba ta fitowa a lokacin gwaji. Tana fitowa ne bayan teburin ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwar. A InnoDB abin ya fi muni, saboda a can layukan kansu ne aka jera bisa babban mabuɗi, ba fihirisa kaɗai ba.

Mataki na 5: Haɗa lokaci da canke da UUID siga ta 7

Ga wanda dole ne ya ƙirƙiri mabuɗi a wajen rumbu, wannan ita ce wadda nake ba da shawarar a fara da ita. An tabbatar da ita a ƙa'idar RFC 9562 ta watan Mayun 2024, wadda ta maye gurbin RFC 4122 ta 2005. Bit 48 na farko lokaci ne a milisakan tun daga 1970, wanda ba zai cika ba sai shekara ta 10889. Bit 6 na siga da nau'i ne. Sauran 74 kuma canke. Tunda lokaci ne a gaba, sabbin mabuɗai suna sauka a ƙarshen fihirisa kamar lambar jere, tunda kuma akwai bit 74 na canke, sai an samar da sama da biliyan 100 a cikin milisakan ɗaya kafin yiwuwar karo ta kai rabi.

PostgreSQL 18 yana da `uuidv7()`, don haka `id uuid PRIMARY KEY DEFAULT uuidv7()` ya gama aikin. Python 3.14 yana da `uuid.uuid7()`, .NET 9 kuma yana da `Guid.CreateVersion7()`. Idan kayan aikinka sun girmi waɗannan, nemi sanannen laburare na harshenka. Idan babu, ga yadda ake haɗa shi:

1. Ɗauko lokaci a milisakan tun 1970, ka rubuta shi a bayit 6 na farko, bayit mafi girman daraja a gaba.
2. Cika sauran bayit 10 daga tushen canke na ƙwarai irin waɗanda aka ambata a mataki na 4.
3. A bayit na bakwai, mayar da bit huɗu na sama su zama 0111, wato 7.
4. A bayit na tara, mayar da bit biyu na sama su zama 10.

Domin duba aikinka, kalli misalin da ke cikin ƙa'idar kanta: `017f22e2-79b0-7cc3-98c4-dc0c0c07398f`. Rukuni na uku ya fara da 7, na huɗu kuma dole ya fara da 8, 9, a ko b. Haruffa 12 na farko idan aka mayar da su lamba suna ba da 1645557742000, wato ranar 22 ga Fabrairu, 2022.

Gargaɗi: mabuɗai biyu da aka samar a milisakan ɗaya ba lallai su jeru yadda aka samar da su ba, sai dai idan laburaren ya ware wasu bit don ƙirga ko don gutsuren milisakan, kamar yadda PostgreSQL 18 ke yi da bit 12. Tsakanin saba daban-daban ma babu wannan tabbaci, domin agogunansu ba sa zama daidai ɗari bisa ɗari. Idan jeren faruwar abubuwa yana da muhimmanci a shari'ance ko a lissafin kuɗi, kada ka dogara da mabuɗin.

Gargaɗi na biyu: duk wanda ya ga mabuɗin zai iya karanta lokacin da aka ƙirƙiri layin. Ga oda ko saƙo wannan ba komai ba ne, amma ga asusun mutum ko bayanin lafiyarsa yana iya zama abin da ba ka so ya fita.

Gargaɗi na uku, ga masu SQL Server: nau'in `uniqueidentifier` ba daga hagu yake jera mabuɗai ba, bayit 6 na ƙarshe yake fara dubawa, saboda haka siga ta 7 a cikinsa tana warwatsuwa kamar siga ta 4. A can ko dai a yi amfani da `NEWSEQUENTIALID()`, ko a ajiye mabuɗin a `BINARY(16)`.

Akwai kuma ULID, wanda ya riga siga ta 7 fitowa kuma tunaninsu ɗaya: bit 48 na lokaci, 80 na canke, haruffa 26. Idan kana amfani da shi babu dalilin sauyawa, amma ga sabon aiki siga ta 7 ta fi sauƙi domin rumbuna sun san nau'inta.

Mataki na 6: Idan dole sai bit 64, tsarin Snowflake

Twitter ne ya fito da wannan tsari a 2010. Bit 41 lokaci ne a milisakan daga ranar da ka zaɓa, wanda ke kai kusan shekara 69. Bit 10 lambar na'ura ce, wato na'urori 1,024. Bit 12 kuma ƙirga ce da ke ba kowace na'ura mabuɗi 4,096 a milisakan guda. Yana shiga `BIGINT`, rabin girman UUID ke nan.

Babu canke a cikinsa ko kaɗan, don haka nauyin ya koma kanka: dole kowace na'ura ta samu lambarta daban, kuma dole manhajar ta tsaya ta jira idan ta ga agogo ya koma baya. Saba biyu da aka kwafo daga saiti ɗaya suka tashi da lambar na'ura ɗaya za su yi ta karo. A ganina, wanda bai kai matsayin da bayit 8 a kowane layi ke zama masa kuɗi mai yawa ba, bai kamata ya ɗora wa kansa wannan ɗawainiya ba.

Gargaɗi: JavaScript ba ya riƙe cikakkiyar lamba daidai idan ta wuce 9,007,199,254,740,991, sai ya sauya lambobin ƙarshe ba tare da ya nuna kuskure ba. Duk mabuɗi mai bit 64 da zai je burauza a tura shi a matsayin rubutu a cikin JSON.

Mataki na 7: Ajiye shi a nau'in da ya dace

UUID bayit 16 ne, amma idan ka ajiye shi a matsayin rubutu zai ci 36. A PostgreSQL yi amfani da nau'in `uuid`. A MySQL 8 yi amfani da `BINARY(16)`, tare da `UUID_TO_BIN()` wajen shigarwa da `BIN_TO_UUID()` wajen karantawa.

Bambancin bayit 20 ba ya kama da wani abu sai an ninka shi. A layi miliyan 100 ya zama gigabayit 2. A InnoDB kowace ƙaramar fihirisa tana ɗauke da kwafin babban mabuɗi, don haka tebur mai ƙananan fihirisa biyar yana da kwafi shida, wato gigabayit 12 na banza, ban da sauran teburan da ke nuni zuwa gare shi. Ba faifai ne abin ji ba, ƙwaƙwalwar saba ce, domin ita ce mai tsada kuma ita ke sa tambaya ta yi sauri.

Gargaɗi: `UUID_TO_BIN()` yana karɓar lamba ta biyu, 1, wadda ke juya sassan lokaci domin siga ta 1 ta jeru. Kada ka sa ta ga siga ta 7, domin a jere take tun asali, juyawar kuma ɓata jeren za ta yi.

Mataki na 8: Sa rumbun ya zama mai tsaron ƙofa

Ko wace hanya ka zaɓa, ginshiƙin mabuɗi dole ya kasance `PRIMARY KEY`, ko aƙalla `UNIQUE` tare da `NOT NULL`. Lissafin mataki na 3 yana magana ne a kan manhaja mara kuskure, alhali karon da ake gani a zahiri kusan kullum daga kuskure yake fitowa: mabuɗin da aka samar sau ɗaya a wajen madauki aka yi ta maimaita shi, fayil ɗin da aka shigar sau biyu, ko buƙatar da waya ta sake turowa saboda amsar farko ba ta iso mata ba.

Kada ka fara tambayar rumbu ko mabuɗin yana nan sannan ka shigar, domin tsakanin tambayar da shigarwar wani zai iya riga ka. Shigar kai tsaye, ka saurari kuskuren: 23505 a PostgreSQL, 1062 a MySQL. Abin da za ka yi da shi ya danganta da inda mabuɗin ya fito. Idan sabarka ce ta samar da shi yanzu, samar da wani ka sake gwadawa, sau uku ko makamancin haka, sannan ka rubuta abin da ya faru a kundin kura-kurai, domin karon UUID alama ce ta lalacewar tushen canke, ba rashin sa'a ba. Idan kuwa waya ko wata manhaja ce ta turo shi, mafi yiwuwa buƙata ɗaya ce ta zo sau biyu, abin da ya dace shi ne a mayar mata da layin da ke nan, ba a ƙirƙiri sabo ba. Wannan na daga cikin manyan fa'idodin ƙirƙirar mabuɗi a wajen rumbu: biyan kuɗin da aka turo sau biyu ba zai shiga sau biyu ba.

Gargaɗi: a PostgreSQL kuskure ɗaya yana soke dukkan ma'amalar da ake ciki, wato rukunin umarnin da ake zartarwa tare, don haka sake gwadawa na buƙatar `SAVEPOINT`, ko `ON CONFLICT DO NOTHING` sannan a duba ko layin ya shiga. A MySQL ka guji `REPLACE`, domin yana goge tsohon layi ya sa sabo a gurbinsa, `INSERT IGNORE` kuma yana haɗiye wasu kura-kuran da ba na karo ba.

Mataki na 9: Ware lambar da mutane za su gani

Ba wanda zai iya karanta haruffa 36 ta waya ba tare da kuskure ba. Ƙara ginshiƙi na biyu mai `UNIQUE` domin lambar waje, ka bar babban mabuɗi a ciki. Haruffan Base32 na Crockford, wato jerin lambobi da haruffa 32, sun dace da wannan, domin an cire I, L, O da U, ukun farko saboda suna rikicewa da 1 da 0. Haruffa 8 bit 40 ne, yiwuwar karo tana kaiwa rabi a kusan miliyan 1.2, haruffa 10 kuma a kusan miliyan 39. Ma'ana, a nan karo abu ne da za a sa ran gani, sake gwadawar mataki na 8 kuma wajibi ce.

Gargaɗi: idan lambarka tana bambanta babban harafi da ƙarami, duba tsarin kwatanta rubutu na ginshiƙin. Wanda MySQL 8 ke zuwa da shi yana ɗaukar `aB3` da `Ab3` a matsayin abu ɗaya.

Gargaɗi na biyu: wahalar hasashen mabuɗi ba izini ba ce. Dole manhaja ta duba ko mai neman layi yana da haƙƙin ganinsa. Lambar sauya kalmar sirri ko ta zaman shiga kuma ba da siga ta 7 ko ta 1 ake yin ta ba. A ɗebo aƙalla bit 128 na canke zalla.

Mataki na 10: Gwada a cunkoso

Madauki ɗaya da ke samar da mabuɗi miliyan ba ya nuna komai, domin ba ya yin karo da kansa sai dabarar ta yi muni ƙwarai. Tayar da ayyuka takwas ko goma a lokaci guda, a kan na'ura fiye da ɗaya idan zai yiwu, kowanne yana rubutu a tebur ɗaya, ka ƙirga kura-kuran karo. Sannan ka mayar da agogon na'urar gwaji baya da 'yan daƙiƙu ana cikin aiki, ka ga abin da zai faru. A ƙarshe cika teburin har fihirisarsa ta wuce ƙwaƙwalwar da rumbun ke da ita, ka auna saurin shigarwa a nan.

Mataki na 11: Idan teburin ya riga ya cika

Kada ka taɓa tsohon mabuɗi da farko, domin sauran teburai suna dogara da shi. Ƙara sabon ginshiƙi wanda za a iya barinsa babu komai a ciki, ka sa sabbin layuka su fara samun mabuɗinsu, sannan ka cike tsoffin kashi-kashi, dubu kaɗan a kowane zagaye, domin kada ka kulle teburin na dogon lokaci. Bayan an cike, gina fihirisa mai hana maimaici. A PostgreSQL `CREATE UNIQUE INDEX CONCURRENTLY` yana yin haka ba tare da tsayar da rubutu ba. Daga nan sai a sa `NOT NULL`, a koma amfani da sabon ginshiƙin a adireshi da duk wata hulɗa da waje. Sau da yawa aikin yana iya tsayawa a nan, tsohuwar lambar jere ta ci gaba da haɗa teburai a ciki.

Gargaɗi: siga ta 7 da aka cika wa tsoffin layuka tana ɗauke ne da lokacin da aka yi cikon, ba lokacin da aka ƙirƙiri layin ba, sai dai idan ka gina ta da hannu daga ranar da ke ajiye a layin. Saboda haka ka bar ginshiƙin ranar ƙirƙira a wurinsa, duk wani rahoto ko jere na lokaci kuma daga gare shi za a ɗauko.